Ƙarfen da Munzali Ya Aiko Maƙerar Sara

Sara, ƙasar Gwaram

Zuwa ga Munzali ɗan Abdulsalami, mai gyaran injin niƙa a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Daga bakin Sanda maƙeri wannan takarda ta fito. Ni da ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne, ko da ka manta. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka duk da ban san fuskarsu ba. Mu nan lafiya, sai kafaɗata ta dama da ta ƙi ɗaguwa, sai kunnen da ƙarar masaba, gudumar ƙira, ta cinye. Shi ya sa ba na karɓar waya. In an kanga mini ita sai in ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Barira 'yata ce ke rubutawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

Fa'izu direba ya sauke mini wani ƙarfe cikin buhun taki, ya ce daga gare ka, wai zuga-zugin zamani ne. Na kwance na ga abu kamar dodon koɗi, ga mariƙi a gefe, ga baki ɗaya. To ina ɗayan? Tun da nake ban taɓa ganin zuga-zugi tilo ba. Biyu ne, dama da hagu, wannan na shaƙa wancan na fesowa. Na tare Fa'izu a tasha na ce ya fito da shi, ya yi ta rantsuwa har mutane suka taru. In biyu ka ba shi, ka gaya mini in san yadda zan yi da shi.

Sai babbar magana. Na gane nufinka, ba sai ka faɗa ba. A gidanmu ba a roƙon maƙera da baki. Wanda ke son wuri a gaban wuta zuga-zugi yake kawowa, ya ajiye, ya yi shiru. Haka ubanka ya yi. Ya zo wa ubana da fatar akuya ɗinkakkiya, aka gwada ta, wuta ta tashi, ubana ya ce masa zauna. Ya kuwa zauna, har ranar da ya miƙe ya tafi Birnin Kudu da babbar masabar kakanmu, wadda har yau ba ta dawo ba. Ba tone-tone nake ba, don ka sani ne. Ni ma ba zan ce uffan ba sai na ga abin nan ya tada wuta.

Ka dai zo a kan gaɓa. Tun da Salihu ƙanena ya rasu ba ni da mai zuga, kuma ba wanda ya tako daga gidanku ya yi mana ta'aziyya. Da can mai kawo gyara shi ke zuga wa kansa. Na yanzu sai ya jingina da rumfa yana danna waya yana kallona. Fatar zuga-zugin ma ta tsage. Dagaci ya aiko mini cewa in ruwan shuka ya sauka ba a ga hayaƙi a rumfar nan ba, zai ba wani mai walda daga Gwaram wurin, wai filin gari ne, wai bakin hanya ba ya zama a banza. Rumfar da kakana ya kafa da hannunsa!

Ka aiko da amsa ta hannun Fa'izu, in ya yarda ya karɓa. Wasalam.

Sanda

* * *

Birnin Kudu

Zuwa ga Baba Sanda.

Wa alaikumus salam. Baba, na durƙusa ina gaisuwa. Allah ya sassauta kafaɗar, ya ƙara nisan kwana. Ni da Nasiha maiɗakina da yara duk muna lafiya. Maganar ta'aziyyar Baba Salihu ba ni da bakin kare kaina, sai dai in ba da haƙuri. Allah ya jiƙansa.

Don Allah Baba ka saki Fa'izu. Ɗaya na ba shi, kuma ɗayan ce dama. Fanka ce, mai hannu. Ba ta da 'yar'uwa, ita kaɗai take shaƙa take fesowa. Wurin masu tsofaffin ƙarafa na same ta, na wanke ta na gyara haƙoranta. Shi Fa'izun ne ma ya ba ni labarin abin da dagaci ya ce, raina ya ɓaci.

Ga yadda za a kafa ta. A binne kututture a gefen wuta, yadda bakinta zai zo daidai da bakin yumɓun da iska ke shiga. Ƙafafunta suna da huda, a kafe su da manyan ƙusoshi. A zura bakinta cikin na yumɓun, a liƙe da laka ruf. Akwai kibiya a jikinta, a bi inda ta nuna. A saman kuma akwai ɗan rami, a riƙa ɗiga mai.

Labarin mahaifina da fatar akuya ban taɓa jin sa ba, har na karanta wa yara. Masabar kuwa zan tambayi Inna ko ta san inda take. In Allah ya yarda wutar kakanmu ba za ta mutu ba muna raye. Da na sallami injinan da ke hannuna zan taho da kaina.

Ɗanka,
Munzali

* * *

Sara

Zuwa ga Munzali.

Bayan sallama, takardarka ta iso. Lafiyarmu ƙalau, kafaɗa tana nan yadda ka san ta. Na sa Barira ta maimaita mini wurin da ka ce wuta ba za ta mutu ba, da wurin da ka ce za ka taho. Na sa hula na tafi gidan dagaci na ce masa ya gaya wa mutumin Gwaram ya nemi wani bakin hanyar, ɗan Abdulsalami yana tafe. Ya ce ya tabbata? Na ce ya taɓa jin na yi ƙarya?

Kana ce masa fanka. Na san kunya ce, ubanka ma haka yake, ba ya kiran abu da sunansa. Fanka a masallacin Juma'a take. Abin da ke hura wutar maƙera zuga-zugi ne, ko da zinariya aka yi shi.

Amma abin nan naka ya rikita ni. Ka ce a bi kibiya. Na bi ta. Na daidaita tsininta ya kalli wuta sak, sai bakin ya koma yana kallon ƙofa. Na juya mariƙi, iska ta ɗebe hular Alhaji Musaddiq da ke zaune kan benci, wuta kuwa ko motsi. Na juyo da bakin ya kalli wuta, kibiya ta koma tana nuna ƙasa. To wanne zan bi, kibiya ko baki? Wanda ya ƙera shi bai taɓa zama a maƙera ba.

Ka ce mai. Na sa man shanu, shi muke shafa wa fata tun kakanni. Da gari ya waye kiyashi sun yi masa layi tun daga ƙofa.

Ƙusa kuwa ban kafa ba. Ba a kafe zuga-zugi kamar ƙyauren ɗaki. Igiya na ɗaure shi da ita a jikin kututturen, yanzu in na juya sai ya riƙa rawa yana tafiya gefe. Ka kuma ce a liƙe bakin ruf. Ubana yatsa biyu yake bari tsakanin bakin zuga-zugi da na yumɓu, don kada in ya shaƙa ya haɗiyi garwashi. Na bar yatsa biyun. Iskar rabi ta shiga wuta, rabi ta dawo mini da toka a gemu. Ko kai ne daidai ko ubana, ni dai ba zan ce ubana ya yi kuskure ba.

Barira ta share ɗakin Salihu, an yi masa sabon daɓe. Ga sharuɗɗana tun yanzu, kada a zo ana cewa ban faɗa ba. A nan a zaune ake ƙira, ba a tsaye irin naku ba. Waya a waje. Gawayin ƙirya kawai. Uwar maƙera, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, ba a ɗora mata ƙafa. Ita Nasiha tana cin tuwon dawa kuwa? Don nan ba kullum ake shinkafa ba.

Sanda

* * *

Sara

Munzali,

Sallama. Mu dai muna raye, in kana son sani. Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ga amsa ba, ban ga ƙeyarka ba. Na tambayi Fa'izu, ya kau da kai wai shi ba ya magana da ni. Ban sani ba ko sharuɗɗan ne suka yi maka tsauri. In maganar waya ce, kana iya barin ta a aljihu.

Na tura dutse na danne ƙafar abin, ya rage rawa. Alhaji Musaddiq ya kawo fartanyarsa, na ce ya juya da kansa. Ya kama yana juyi kamar mai tuƙa tuwon biki. Ni kuwa da hannun mai zuga nake gane wuta. In na ga kafaɗunsa na hawa suna sauka, na san inda ƙarfe ya kai ko ban duba ba. Wannan abin ba ya numfashi, fuu kawai yake yi ba tsayawa. Kafin in ankara fartanya ta fara tartsatsi, na zaro ta bakinta ya cinye. Ni Sanda na ƙone ƙarfen mutum a gaban jama'a! Alhaji ya ce ba komai. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Jiya mutumin Gwaram ya zo da igiya yana auna gefen rumfa. Na ce me yake aunawa? Ya ce inuwa yake sha. Da igiya ake shan inuwa? Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ka fasa ka faɗa mini, in ba ka fasa ba me kake jira?

Sanda

* * *

Birnin Kudu

Baba,

Ina gaisuwa da neman afuwa. Muna lafiya. Takardunka biyu tare suka zo hannuna yau, a gaban motar Fa'izu na tsince su da kaina, har yanzu fushi yake.

Kibiyar ba wuta take nunawa ba, hanyar da za a juya mariƙi take nunawa. Laifina ne da ban fayyace ba. Man shanu kuma a daina, baƙin mai na inji zan zo da shi. Kada a sake juya fankar sai na iso. Ranar kasuwa mai zuwa ina tafe da sifana da noti.

Maganar ɗaki ban gane ba sosai. Don Allah kada a wahalar da Barira saboda ni, ba sai an gyara mini wuri ba. Nasiha ta yi dariya da ta ji tambayarka, ta ce a gaya wa Baba da tuwon dawa aka yaye ta. Sharuɗɗa kuwa duk na karɓa, wa ya isa ya ɗora ƙafa a kan uwar maƙerarka?

Ɗanka,
Munzali

* * *

Sara

Zuwa ga ɗana Munzali.

Sallama da fatan ka isa gida lafiya. Mu nan lafiya lau. Abincin da Barira ta dafa maka ka tafi ka bar rabinsa, ta ji haushi, ta ce kada in faɗa, na faɗa.

Aiki dai ka iya, ba zan hana ka naka ba. Da ka tone kututturena ka sake binnewa na ji zafi, da ka fasa bakin yumɓun da ubana ya gina ka rage masa faɗi na kau da kai don kada in gani. Amma da ka ɗaure notin nan ka juya, na ga wuta ta yi fari tun daga ƙasa, na ga garmar dagaci ta yi laushi kamar ƙullun ƙosai, na san an gama magana. Ka ce wannan ba ya shaƙa ta baki, shi ya sa ba ya haɗiyar garwashi. To. Na ji. Ubana dai a kan nasa daidai yake.

Ka ga na cika al'ada. Na ajiye awartaki, na dube ka a gaban dagaci da Alhaji Musaddiq da duk wanda ke wurin, na ce zauna. Ka zauna a kan buzun Salihu. Dagaci ya ce Allah ya sa albarka, kowa ya shafa. Ban yi kuka ba, hayaƙi ne, duk wanda ya ce maka kuka na yi ƙarya yake.

Abin da ban gane ba shi ne tashin da ka yi da la'asar kana cewa kar mota ta wuce ka. Na ce wa mutane kayanka ka tafi kwasowa. Yaushe ke nan? Ka ce mutum ɗaya yana iya juyawa ya saki, ya ɗauki ƙarfe kafin iskar ta tsaya. Kai ke nan mai kafaɗa biyu. Ni na gwada, in na juya da hagu ba ni da hannun awartaki, in na juya da dama sai in ga taurari. Tun da ka tafi ba a tada wuta ba. Fartanyoyi sun taru a kusurwa, masu su suna leƙowa. Ka yi sauri. In kayan da yawa, a fara da na aiki, gado ya biyo baya.

Ubanka,
Sanda

* * *

Birnin Kudu

Baba,

Na durƙusa. Muna lafiya, sai dai ni tun jiya ban iya cin abinci ba. Barira ta kira ni a waya tana tambayar ko da yara za mu taho, don ta san tabarmin da za ta nema. A nan na gane abin da ya faru.

Baba, wallahi ban san wuri nake roƙo ba. Takardarka ta farko na ɗauka labarin da kake ba ni, na mahaifina. Bai taɓa gaya mini wannan al'ada ba, tun ina ƙarami ya bar ƙira ya koma gyaran keke. Na ji an ce za a karɓe rumfa, na ga fanka, na ce wannan za ta taimaki Baba. Iyakar abin ke nan. Da ka ce zauna, na zauna ne don babba ya ce in zauna. Da mutane suka shafa addu'a na ɗauka ta fankar ce.

Ba zan iya tasowa ba. Shagona a nan yake, yara suna makaranta, Inna ta tsufa ba mai duba ta sai ni. Ko gatari ban taɓa ƙerawa ba. Na sa ka faɗi magana a gaban dagaci, wannan shi ya fi damuna. In kana so in zo in yi masa bayani da bakina, zan zo.

Abu ɗaya zan faɗa, in na yi rashin kunya a yafe mini. Ranar da nake ɗaure noti Barira na tsaye a bakin zaure, ita ce ta lura ƙafa ɗaya ta karkace kafin ni. Juya mariƙin nan ba ya son ƙarfi, hankali yake so. Ko za a bar ta ta gwada?

Ɗanka mai neman gafara,
Munzali

* * *

Sara

Munzali ɗan Abdulsalami,

Sallama, don Musulunci. Lafiyata ba ta dame ka ba, ba sai na faɗa ba.

Ba ka sani ba! Mutum ya kawo zuga-zugi, a gwada, wuta ta tashi, a ce zauna, ya zauna a gaban shaidu, sannan ya ce bai sani ba? Ashe tashi daga maƙera gado ne a ɗakinku. Kada ka zo wurin dagaci. Ban gaya masa komai ba, kuma ba kai za ka gaya masa ba.

Maganar Barira kuwa, nan ka nuna lallai ba a gidan nan ka tashi ba. A gidanmu mace ba ta taɓa zuga-zugi. Uwata ta shekara nawa a nan, ko tsallake shi ba ta taɓa yi ba. Kada ka tambaye ni dalili, ba a ba ni ba, ban tambaya ba. Ga ta nan tana rubutawa tana tura baki. Rubuta haka, tana tura baki.

Na kai maganar wurin liman. Ya ce shi bai ga inda littafi ya hana ba, kuma bai ga inda littafi ya ce wanda ya zauna a kan buzu ya zama maƙeri ba, in je in tambayi tsofaffin sana'a. Wane tsoho? Ni ne tsohon. Alhaji Musaddiq ya ce shi a ganinsa abin da ba shi da fata ba zuga-zugi ba ne. Na ce to me ya ƙone maka fartanya, aljani? Ya ce to zuga-zugi ne. Na ce to ina ɗayan? Ya ce Sanda, ka bar ni in tafi gona.

Na zauna na rasa inda zan kama. In zuga-zugi ne, ka roƙa, na ba ka, kai ne ka gudu, kuma Barira ba ta taɓa shi. In ba shi ba ne, to ba wanda ya roƙe ni komai, ni kaɗai na yi ta share ɗaki. Duk ta inda na juya abin sai ya dawo mini da toka.

An ce an yi ruwa wajen Surko. Iskarsa ta iso nan.

Sanda

Yaya Munzali, ni ce Barira, Baba ya fita alwala. Man nan sau nawa ake ɗigawa, kuma in ta fara ƙara kamar kuka me ake yi? Ka gaya mini a waya, kada ka sa a takarda.

* * *

Sara

Zuwa ga Munzali.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka gaida Nasiha da yara, ka gaida uwarka, ka ce mata Sanda yana nan bai mutu ba.

Ruwa ya sauka, mai yawa, har ya shiga zaure. Da na dawo daga masallaci da safe na tarar da mutane a ƙofar rumfa, kowa da fartanyarsa, ƙasa ta jiƙa ba wanda ke son rana ta yi. Na shiga na zauna. Na zuba gawayi. Na kama mariƙi da hagu na juya, na saki na kai hannu ga awartaki, kafin in ɗaga ƙarfe wuta ta kwanta. Na sake. Mutane suna ta kallona, gara ma su yi dariya.

Sai ga Barira ta kawo mini kunu. Ta ajiye kwanon ba ta tafi ba. Ni ban ce mata zo ba, a rubuta wannan da kyau, ban ce ba. Na dai duƙa ina gyara gawayi, ban ɗago ba. Sai na ga wuta ta taso daga ƙasa. Na sa ƙarfe. Na ce a hankali. Ta rage. Na ce ƙara. Ta ƙara. Ban san inda ta koya ba, kuma na ga alama in na tambaya raina ne zai ɓaci.

Muna kan fartanya ta uku sai ga dagaci, mutumin Gwaram na biye da shi da igiyarsa a aljihu. Dagaci ya dubi hayaƙi, ya dubi Barira, ya ce, "Sanda, ina ɗan Abdulsalamin?"

Na ce yana Birnin Kudu.

Ya ce, "To mace a kan zuga-zugi? A gidanku? Ni kaina na san wannan ba a yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane zuga-zugi? Ka ga fata? Ka ga biyu? Fanka ce. Irin ta masallaci, sai dai wannan da hannu."

Ya ce, "Amma ranar nan ka ce wa yaron zauna, muka shafa."

Na ce, "Baƙo ya sha hanya, ya yi aiki, ba za a ce masa zauna ba? Kyauta ya kawo wa ubansa. Bai roƙe ni komai ba."

Da bakina na faɗa, Munzali, a gaban mutanen da na gaya wa kana tafe. Ba wanda ya roƙi maƙerar nan. Alhaji Musaddiq ya sunkuyar da kai yana duba ƙotar fartanyarsa. Dagaci ya dube ni ya ce shi hayaƙi ya ce a nuna masa, ga hayaƙi. Ya juya ya ce wa mutumin Gwaram su je ya nuna masa wani fili bayan tasha. Mutumin ya ce can ba mutane. Barira ta ce masa, ba tare da ta daina juyi ba, "In ka iya aiki za su zo, Malam. Matsa, kana tare mana haske."

Saboda haka ba ka da alkawari a wuyanka. Ka zauna inda kake. Rumfa tana nan a hannunmu bana, baɗi kuma Allah ya sani.

Ita kuwa tun yau ta fara gaya mini wai ƙarfe ya yi, in zaro. Ni za a gaya wa ƙarfe ya yi! Na bar shi don in nuna mata, ya ɗan ci wuta kaɗan, ba sosai ba. Ta ce sai ta rubuta wannan ko ban ce ba.

Har yanzu akwai abin da ban gane ba. Na ce ba zuga-zugi ba ne, kowa ya ji, ba zan janye ba. Amma ita wutar ba ta nuna ta san da bambanci ba.

A nan zan tsaya. Ta ce hannunta ya gaji, ga mariƙi ga biro, kuma akwai sauran mutum huɗu a waje suna jira. Wasalam.

Sanda maƙeri